Yara Biyar na Bayan Zana

Asabar. Aikin farko bayan sallar asuba: wasiƙar lis ɗin sunayen masu tafiya, kafin buɗe shago.

Zuwa ga Mai girma Shugaban kwamitin da ke shirya tafiyar 'yan makaranta zuwa gasar wasan kwaikwayo a Dosso,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da sauran mambobin kwamiti. Yaya aiki, yaya kuma zafin nan? Allah ya ba mu wucewarsa lafiya.

Sunana Mumuni. Tela ne ni, shagona yana bakin kasuwar Gaya. Karatuna ya tsaya a ajin ƙarshe na koleji. Shekara uku ke nan ina taimaka wa Madam Hadiza, malamar Faransanci da ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kolejinmu. Ita ke da yaran da ke fitowa gaban jama'a, ni ke da na bayan zana, wadda ita ce labulen fagenmu. Ɗinkin kayan wasa aka kira ni tun farko, na kwana biyu, sai na zauna.

Na rubuto maka a buɗe ne don dalili biyu. Na zo bironka, ofishin kwamiti, sau uku ban same ka ba, ga shi ranar Alhamis mai zuwa za a aika da lis ɗin masu tafiya zuwa Dosso. Sannan akwai abin da nake so iyayen yara su ji, su ma. Don haka zan ba sakatarenka kofi ɗaya na wasiƙar, in liƙa ɗaya a allon sanarwa na lakwal, makarantar yaran, in kai ɗaya gidan rediyo ko za su karanta. Ba rigima na zo da ita ba. In ka karanta har ƙarshe za ka ga rabin laifin nawa ne, wataƙila ma ya fi rabi. Ni mutum ne mai rubuta komai a kaye, ɗan littafin rubutuna, tun ina saurayi, duk ranar da lokacin da zan ambata daga can na ɗauko su. Buƙatata kuwa ƙarama ce: sunayen yara biyar ne suka faɗi daga lis, ina roƙo a mayar da su.

Na ɗaya: abin da ya faru ranar da ka zo.

Ranar Laraba ta makon jiya ka zo lakwal ɗinmu don ka ga wasanmu, ka kuma ɗauki sunayen masu tafiya. An ce mana ƙarfe huɗu, ka iso huɗu da minti goma, wanda a garin nan ba a kiransa latti. Aka zaunar da kai ƙarƙashin dogon yaro, aka yi maka wasan daga farko har ƙarshe: rigimar masunci da manomin shinkafa kan gaɓa guda ta bakin kogi. Ka yi dariya sau bakwai, ina ƙirgawa ta wata kafa a jikin zana. Da aka zo wurin hadari, aka yi tsawa, ruwa ya fara dukan rufi, sai na ga ka ɗaga kai ka dubi sama, ka tattara takardunka ka cusa cikin riga. Ranka ya daɗe, tsakiyar bazara muke, ko ɗigon girgije babu. Ban taɓa samun yabo irin wannan ba a rayuwata. Na rubuta shi a kaye, na ja masa layi biyu.

Da aka gama ka miƙe ka ce, "Madalla! To, duk 'yan wasa su fito nan gabana." Yara tara suka fito suka jeru. Ka tambayi kowa sunansa da abin da yake fitowa, ka rubuta. Ka ƙara Madam, ita kuma ta ce ka ƙara ni a matsayin mai rakiya. Sha ɗaya ke nan. Ka ɗaga kai ka sake tambaya, "Shi ke nan, ba saura?"  Ka rufe bik ɗin da kake rubutu da shi, ka yi sallama, ka tafi.

A daidai lokacin da kake wannan tambaya, yara biyar suna tsugune bayan zana, taku shida daga kujerarka, suna riƙe numfashi.

Na biyu: inda laifina yake.

Ina ɗan shekara ashirin na yi yawo da wata ƙungiyar wasan wayar da kai, mun zaga Bana da Zabori har Dioundiou. Ni ne mai ɗaukar zana da igiya. Tsohon da ya koya mini aikin doka guda gare shi, ita na ɗauko na ɗora wa yarana: mai aikin baya, in ɗan kallo ya hango ko da ɗan yatsan ƙafarsa, aikinsa ya ɓaci. Shekara uku ina nanata musu wannan. Na hana su takalmi mai ƙara. Na ɗinka musu baƙaƙen riguna. Har tari na koya musu yadda ake yin sa cikin hannun riga. Ranar da za ka zo kuma na ƙara musu da cewa, "Yau babban baƙo gare mu. Duk wanda ya leƙo kafin in ce ya fito, ni da shi ne."

Daga baya na tambaye su abin da ya hana su fitowa. Tonto suke kirana, wato kawu. Bibata, wadda ita ce babbarsu, ta ce, "Tonto, 'yan wasa ya ce. Mu 'yan wasa ne?" Munkaila ya ce, "Kuma ai ba ka ce mu fito ba. Kai ma kana nan tsugune da mu, ka rungume sanda kamar za a ƙwace maka." Gaskiyarsa. Iskar kogi ta taso da yamman nan, ina riƙe da sandar zana hannu bibbiyu don kada ta faɗo maka a ka. Na ji tambayarka sarai. Na ce a raina, ai Madam ta riga ta ba shi sunayen na baya. Madam kuma ta ce a ranta, ai Mumuni mai kaye ba zai kasa miƙa nasa lis ba tun a bakin ƙofa. Haka kowa ya jingina da ɗan'uwansa, muka faɗi tare.

Kwana goma ke nan ina juya abin. Wata rana in ce koyarwata ce ta yi yawa, wata rana in ce koyarwar daidai take, bakina ne ya yi nauyi. Har yanzu ban yanke ba. Abin da na tabbatar kawai, yaran nan ba su yi laifin komai ba. An ce su ɓuya, suka ɓuya da kyau har aka manta da su.

Na uku: su wane ne su, tunda ba ka gan su ba.

Bibata tana ajin ƙarshe, ita ce mai tuni. Tana zama bayan zana da takardar wasa da agogo, tana ba kowa alamar shiga, in wani ya manta maganarsa ta raɗa masa. A wani gari wannan ƙaramin aiki ne, a Gaya kuwa ba haka ba. Wasanmu da Hausa yake, da Dendanci, da ɗan Faransanci. Yaron da ke fitowa maigari kuma, in ya rikice, ba abin da ke shiga kunnensa sai Zabarmanci, harshen gidansu. To sai ta raɗa masa ma'anar da Zabarmanci, shi kuma ya fitar da ita da Hausa. Ranar da ka zo sau huɗu ta ceto shi. Na ji ka kana gaya wa Madam wai maigarin nan ya iya jan numfashi kafin ya yi magana, kamar dattijo na gaske. Ba jan numfashi yake ba, ranka ya daɗe. Bibata yake jira.

Zali ita ce ruwan saman da ya sa ka ɓoye takardu. 'Yar Malam Saini ce, manomin shinkafa a wajen Bana. Ni da tsakuwa na fara yin ruwan, ina zubawa kan guntun tol irin na rufin ɗaki. Ta saurara ta ce, "Tonto, wannan ƙanƙara ce, ba ruwa ba." Ta ɗauki mako uku tana gwaji. Ta gwada gero, ta gwada dawa, ta gwada farar shinkafa, ta gwada shanshera wadda ba a cashe ba. Ta gano gero shi ne yayyafi, shanshera kuwa ita ce ruwa mai ƙarfi, kuma in ta ɗaga ƙwaryar sama ruwan yana matsowa kusa, in ta sauke yana nisa. Duk ta rubuta a nata kaye, da zane. Tsawa kuma tol ɗin take girgizawa. Ba wanda ya koya mata wannan. Ni dai abin da na yi shi ne na ba ta wuri, na yi shiru.

Munkaila ɗan Sarkawa ne, masunta, shi ke da igiya. Ka tuna yadda gona ta koma kogi cikin ƙiftawar ido? Jan igiya ɗaya ne. Wani ƙulli ne da kakansa ke ɗaure jirgi da shi: iska ba ta kwance shi, nauyi ba ya kwance shi, amma ja ɗaya daga gefen da ya dace ya warware. Wata biyu na yi ina koyo, na kasa. Yakan duba nawa ƙullin ya girgiza kai ya ce, "Tonto, bar shi. Hannunka na allura ne."

Haruna da Isufu su ne kogin kansa. Kowa yana riƙe da gefe guda na dogon shuɗin ƙyalle, suna kaɗa shi, su ne kuma ke jan jirgin kwali da igiya. Ban da wannan, Haruna ke kula da mikoro da bafil, akwatin da ke fitar da sauti, shi ya sa ba ka ji sun yi maka ƙara a kunne ba ko sau ɗaya. Isufu kuwa shi ke da kayan sawa. Uku daga cikin yaranmu mutum biyu-biyu suke fitowa, shi ke tuɓe wannan ya sa masa wancan kafin a ƙirga ashirin. Ya fi ni saurin sa maɓalli, ni da sana'ata ke nan.

Na huɗu: zuwana biro.

Sai ranar Juma'a da aka liƙa lis a lakwal muka gane abin da ya faru. Na rufe shago na zo. Aka ce ka tafi taro. Na dawo Litinin ƙarfe tara, aka ce ka tafi Dosso. Na dawo shekaranjiya Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya, aka ce yanzun nan ka fita, da na yi sauri da mun haɗu a ƙofa. Ban ce ɓuya kake yi ba, na san aiki ya yi maka yawa. In ma ɓuya ce, ni ne na ƙarshe da zai yi ƙorafi kan ɓuya.

Sakatarenka mutum ne mai fara'a, duk zuwan nan uku sai da ya ba ni ruwan sanyi. Ya nuna mini takardar. Gida uku gare ta: suna, aji, da abin da yaro yake fitowa. Ya ce, "Malam tela, gida na uku ba a barinsa wofi. Ita Zalin nan me take fitowa?" Na ce, "Ruwan sama." Ya dube ni. Ya ce, "Shi Harunan fa?" Na ce, "Kogi, gefen dama." Ya ajiye bik ya yi ta dariya har da hawaye, ya kira mai gadi ya ce ya zo ya ji. Da ya huta ya ce, "In na rubuta ruwan sama da kogi gefen dama, mutanen Dosso za su ce zafi ya taɓa ni. Kuma an riga an buga tampo, hatimin kwamiti. Abin da tampo ya hau, sai Shugaba."

Ban ga laifinsa ba, ni ma na taya shi dariyar. Takardar ce aka tsara kamar wasan kwaikwayo baki ne kawai, ba shi da hannu.

Na biyar: gwajin da muka yi.

Ina da wani hali, ba na saurin yarda da kaina. Na ce wataƙila ni ne nake kumbura abin, wataƙila su taran za su iya ba tare da na baya ba. Na ce wa Madam mu gwada. Larabar da ta wuce muka zaunar da su biyar ɗin a gaba, daidai inda ka zauna, muka ce sauran su yi wasan su kaɗai. Ni ne kawai a baya, aka kuma hana ni taɓa komai sai sanda. Ga abin da ke cikin kaye:

Minti na uku, maigari ya manta maganarsa. Ya ja numfashi. Ya sake ja. Ya juya ya dubi zana, ya ce da ƙarfi, "Bibata, don girman Allah!" Ita kuwa tana gabansa zaune, tana cin gyaɗa.

Minti na goma sha ɗaya, canjin fage. Yarinyar da ke fitowa matar manomi ta ruga baya ta ja igiya, amma ba igiyar da ta dace ba ce. Zanar gona da ta gida duka suka kwanta a ƙasa, sai ga ni tsaye gaban jama'a da sanda a hannu ɗaya da moɗar ruwa a ɗaya.

Minti na goma sha huɗu, masunci ya shiga jirgi. Ba mai ja. Ya jira, ya jira, sai ya ɗaga jirgin har ƙugu kamar mai tattare zani, ya ƙetare kogin da ƙafa. Kogin kuwa yana kwance a ƙasa, ya taka shi da takalmi.

Minti na goma sha tara, hadari. Manomi ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ga ruwa nan, jama'a!" Shiru. Sai akuyar mai gadi ta yi kuka daga bayan aji. Ya sauke hannunsa ya ce, "To, an ɗauke."

Nan muka tsaya, don Madam ta zauna ƙasa tana riƙe ciki. Wasan minti talatin da biyar ne, bai wuce na goma sha tara ba. Na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba, amma a filin lakwal ɗinmu ne, tsakaninmu. In a Dosso aka yi haka, da sunan Gaya za a yi dariyar.

Wani abu kuma na lura da shi wanda ban yi tsammani ba. Su biyar ɗin ba su taɓa ganin wasan daga gaba ba sai ranar. Isufu ya ce, "Ashe rigar maigari haka take da kyau daga nesa!" Shi da ya sa masa ita ya fi sau arba'in.

Na shida: abin da ya sa tafiyar ta fi ƙarfin yawon buɗe ido.

Ka tsayar da kowane yaro a kolejinmu ka tambaye shi abin da yake so ya zama. Zai ce duwan mai karɓar kuɗin fito, ko jandarma, ko likita, ko mushe mai koyarwa a aji, ko direban manyan motocin da ke jere a hanyar gada. Duk sana'o'in kirki ne, amma abin da idonsu ke gani ke nan kullum, shi ya sa ba su san wani ba. Ba su san akwai mutumin da ke ciyar da iyalinsa da fitila da sauti ba. Alhali ba bikin aure, ba wa'azi, ba taron siyasa da ake yi a garin nan ba tare da mai mikoro ba. Gidan rediyo ba masu magana kaɗai ke cikinsa ba. Masu ɗaukar fim in sun zo bakin kogi, da masu kayansu suke zuwa daga nesa, mu kuwa sai dai mu tsaya kallo. Yaron da ke jin kunyar buɗe baki gaban mutane, amma yana da kunne, ko hannu, ko kai mai riƙe tsari, shi ma yana da wuri. Sai dai a nuna masa ƙofar.

A ɗakin da za a yi gasar a Dosso akwai wani mutum da aikinsa ke nan, fitilu da sauti. Tare muka ɗauki zana muna samari, shi ya ci gaba, ni na koma kan keken ɗinki. Na kira shi, ya yarda zai ba yarana awa guda kafin a fara gasa. Zai hau da su inda ake sarrafa fitilun, su taɓa da hannunsu, su yi masa tambayoyi. Haruna ya riga ya rubuta tambaya goma sha shida. Amma ba a shiga bayan fage sai da kati a wuya, katin kuma daga lis ake yin sa. Direktan lakwal ma ba ya sakin yaro sai sunansa na cikin lis mai tampo.

Kada kujerar mota ta dame ka. Kawun Munkaila, mai kai kifi Dosso, shi zai ɗauki zana da tol da jirgi, ya ce akwai wurin zama, ya kuma yi alkawarin wanke motar sau biyu. Suna kawai muke nema.

Saura maganar da ta fi tsaya mini a rai. Bara sau biyu na je har gonar Malam Saini kafin ya yarda Zali ta shiga ƙungiya. Ya kafa mini sharaɗi biyu: ba za ta fito gaban jama'a ba, kuma abin ya zama aikin lakwal ne, ba sharholiya ba. Na ce masa na ɗauka. Ranar kasuwar da ta wuce ya biyo ta shagona. Ashe ya fara biyawa lakwal, ya sa an karanta masa lis ɗin da ke allo. Ya zauna kan benci, muka gaisa, sannan ya ce, "Mumuni, sau biyu aka karanta mini, babu Zali. Shekara guda tana kwasar mini shanshera ƙwarya-ƙwarya, ban ce komai ba, na ce karatu ne. Ni ban shiga lakwal ba, amma na san lakwal ba ta yin abu ba takarda. To ina sunan?" Na ce kuskure aka yi. Ya ce, "To a gyara. In motar Dosso ta tashi ba ita, daga nan Laraba da yamma tana gida. Uwarta na da aikin da za ta ba ta."

Ba da fushi ya faɗa ba, har mangwaro ya bar mini. Amma na san shi, ba ya magana biyu. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Iyaye da yawa da ba za su bar 'ya'yansu mata su hau fage ba suna yarda da aikin baya, Zali suke kallo su ga yadda za ta ƙare. In aka cire ta, na san gidaje uku da ba zan sake iya sallama a ƙofarsu da wannan magana ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona:

Ɗaya, a ƙara sunayen nan biyar kafin Alhamis, a sake buga tampo. Don a sauƙaƙa wa sakatare, ga abin da zai sa a gida na uku: Bibata, mai tuni da lokaci, Zali, mai sauti, Munkaila, mai igiya da canjin fage, Haruna, mai mikoro, Isufu, mai kayan sawa. Ba sai an rubuta ruwan sama ba. In an ƙayyade yawan sunaye, a fara goge nawa. Zan bi motar kifi, in jira su a bakin ƙofa. Sun san aikinsu, ranar da na yi zazzaɓi ba ni suka yi wasan, ba wanda ya lura.

Biyu, in ka samu sarari, ka zo ranar Laraba ƙarfe huɗu, ka sake kallon wasan. Amma wannan karon a bayan zana za mu ajiye maka kujera. Wurin yana da matsi, akwai ƙurar shinkafa, kuma Bibata ba ta barin kowa ya yi magana, ko da Shugaba ne. Duk da haka ina jin ba za ka yi nadama ba.

Uku, takardar baɗi a ƙara mata gida ɗaya na masu aikin baya. In kuma ka je sauran makarantu, bayan ka ce 'yan wasa su fito, ka taka ka leƙa bayan labule da kanka. Ba na jin mu kaɗai ne ke da masu tsugune.

Huɗu, duk ranar da makarantu suka gayyaci masu sana'a su yi wa yara bayani, a sa mai fitila ko mai sauti cikin waɗanda za su yi magana. Yawanci yana wurin dama, shi ne ya haɗa mikoron da sauran ke magana da shi.

Ga iyaye masu ji ko masu karantawa kuma: duk wanda ke son ganin abin da 'ya'yansa ke yi a can baya, ƙofa a buɗe take kowace Laraba bayan la'asar. Ku zo ku gani da idonku kafin ku yanke.

In na faɗi wani abu da ya wuce iyaka, a yafe mini, ba da niyya ba ne. Na sake karanta takardar nan sau uku, na goge wurare biyu da na ga kamar da zafi. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sauƙaƙa maka nauyin da ke kanka, ya sa albarka a zuri'arka. Allah ya kai yaranmu Dosso lafiya, su goma sha huɗu, ya dawo mana da su lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mumuni, tela, bakin kasuwar Gaya.

Gobe Lahadi, abin da ya rage:

Kwafe wasiƙa sau uku da hannu mai kyau.

Hannun rigar masunci ya yage, a ɗinke.

Wanke kogi, akwai sawun takalmi.

Zuwa Bana kafin rana ta yi zafi. Roƙon Malam Saini ya yi haƙuri zuwa Alhamis, ya kuma yarda Zali ta fito gaban zana sau ɗaya tak, don a ƙirga ta.

Bayan la'asar, gwajin fitowa. In kira suna, yaro ya fito, ya tsaya, ya faɗi aikinsa da ƙarfi. Kowa sau biyar. Ni ma sau biyar.